Jirgin Yaƙin Black Joke a Tekun Afirka ta Yamma, 1828 zuwa 1832: Fa'idodi da Illoli

A cikin jiragen yaƙin da Birtaniya ta girke a tekun Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 19 domin tare masu safarar bayi, da wuya a sami wanda ya yi suna kamar wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Black Joke. Shekara huɗu da 'yan watanni kawai ya yi yana aiki. Ba shi da inji, iska ce ke tura shi, kuma babbar igwa ɗaya tak aka kafa masa a tsakiya, wadda ake juya bakinta duk inda ake so. Duk da haka, marubutan Ingila sun daɗe suna kafa hujja da shi a kan alherin ƙasarsu ga Afirka, wasu masana kuma suna kallon rundunar da yake cikinta a matsayin share fagen mulkin mallaka. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa, kowanne kuma yakan tsallake abin da bai dace da ra'ayinsa ba.

Asalinsa jirgin bayi ne. Ƙirar Baltimo ce ta Amurka, siriri, mai dogayen jigaye biyu, an yi shi domin gudu. Da sunan Henriqueta ya fara aiki a hannun wani attajirin Bahiya ta ƙasar Birazil, José de Cerqueira Lima, kuma a sawu shida ya sauke fiye da mutum 3,000 a can. Kasuwar Bahiya a wancan zamani ta dogara ne a kan tashoshin Ikko (Legas), Badagiri da Wida, inda ake kawo waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa da na jihadi suka rutsa da su. Akwai Hausawa da Nufawa da Barebari a cikin waɗanda ake bi da su ta wannan hanya, har ma Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawayen bayi a Bahiya a 1807 da 1814. Ranar 6 ga Satumba 1827 jirgin yaƙin Sybille, ƙarƙashin Kwamanda Francis Collier, ya kama Henriqueta da mutum 569 a cikinsa.

Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi tun 1807, ta kuma aika jirage biyu su fara sintiri a 1808. Matsalar ita ce yawancin jiragen da ake turowa manya ne masu nauyi, waɗanda aka ƙera domin yaƙi da Faransa. Shi kansa Sybille daga hannun Faransawa aka ƙwato shi tun 1794. Irin waɗannan ba sa iya cim ma jiragen bayi sai da sa'a. Shi ya sa da kotu ta yi gwanjon Henriqueta a Freetown ta ƙasar Saliyo a farkon 1828, Collier ya saye shi, ya sauya masa suna, ya zuba masa 'yan sojojin ruwa da matuƙa 'yan ƙabilar Kuru, ya mai da shi ɗan aiken Sybille. Daga baya ya koma ɗan aiken jirgin Dryad na Kwamanda John Hayes. A watan Mayu 1832, da aka tarar katakonsa ya ruɓe, Admiral Frederick Warren ya ba da umarni aka ƙone shi a Freetown.

Abin da ke tafe awo ne na abin da wannan aiki ya haifar. Adalci ya buƙaci a bambanta abu uku: abin da jirgin da mutanensa suka yi da hannunsu, abin da dokar da suke aiki a ƙarƙashinta ta jawo, da abin da ya faru bayan shuɗewarsu.

Fa'idodi

Ta farko, wadda babu wata muhawara da za ta rage mata nauyi, ita ce rayukan da aka fitar daga ƙasan jiragen bayi. A watan Janairu 1828, kwanaki kaɗan da fara aiki ƙarƙashin Laftanar William Turner, Black Joke ya kama Gertrudis da mutum 155. A watan Mayu ya kama Vengador da mutum 645, adadin da rundunar ba ta taɓa samun irinsa a jirgi ɗaya ba kafin lokacin. A 1829 ya kama Carolina da mutum 420, a 1830 Manzanares da 354, a Fabrairu 1832 kuma Frasquita da 290, wanda shi ne kamunsa na ƙarshe. Jimillar waɗanda ya tare ta haura 3,000. Kowane ɗaya daga cikinsu yana kan hanyarsa ce ta zuwa gonar rake ko ta kofi a Birazil ko Kiyuba, inda shi da 'ya'yansa da jikokinsa za su zama dukiyar wani. Duk wanda zai yi sukar abin da ya biyo baya, kuma akwai abin suka da yawa, ya kamata ya fara amsa wannan: waɗannan mutane ba su isa can ba.

Ta biyu ita ce ƙarfin halin da aka nuna, domin masu safarar ba sa miƙa wuya cikin lalama. Misali mafi shahara shi ne na El Almirante, jirgin Sifaniyawa mai igwa 14 da ma'aikata kusan 80. Laftanar Henry Downes ya daɗe yana fakonsa a gaɓar Ikko. Da ya ɗauki kaya ya fito, aka bi shi har tsawon awa 31. A tsakiyar bin iska ta ɗauke ɗif, jiragen biyu suka tsaya cik a kan ruwa, sai ma'aikatan Black Joke suka fitar da dogayen sandunan tuƙi suka dinga ja da ƙarfin damtse cikin zafin rana har suka matso. Ranar 1 ga Fabrairu 1829 aka gwabza. An kashe mutum 15 a ɓangaren Sifaniyawa, har da kyaftin ɗinsu, aka raunata shida a Black Joke, biyu daga ciki suka rasu daga baya. Mutum 466 aka samu a ɗaure a ƙasa. Ko da an ce kuɗin lada da neman ƙarin girma na cikin abin da ya tura su, kuma suna ciki, domin Downes ya sami ƙarin girma saboda wannan faɗa, gaskiya ne dai sun sa ransu a bakin igwa a kan mutanen da ba su haɗa komai da su ba.

Ta uku, jirgin ya nuna wa hukumar sojojin ruwa cewa gudu ya fi girma amfani a wannan aiki. A ƙarshen 1830 ya kama wani jirgin bayi mai suna Dos Amigos, shi ma aka saye shi aka mai da shi Fair Rosamond. Daga watan Nuwamba 1830 zuwa Maris 1832, a cikin jiragen bayi 13 da dukan rundunar ta kama, 11 waɗannan biyun ne suka kama su. Peter Leonard, likitan jirgin Dryad, ya rubuta ra'ayinsa cewa Black Joke ya fi sauran jiragen rundunar duka tasiri. A shekarun da suka biyo baya an ƙara turo ƙananan jirage masu sauri maimakon manya. Kowane kamu kuma asara ce ga attajirin da ya zuba jari, wanda ya sa harkar ta ƙara tsada da haɗari, ko da yake ribar da ke cikinta ta ci gaba da rufe asarar na tsawon lokaci.

Ta huɗu ita ce shaida. Yarjejeniyoyin da Birtaniya ta ƙulla da Fotugal da Sifaniya a 1817 sun ce ba za a ƙwace jirgi ba sai an sami bayi a cikinsa. Ko an ga sarƙoƙi da mari, da manyan tukwanen dafa abinci, da gangunan ruwan da suka fi ƙarfin ma'aikatan jirgi, dole a ƙyale shi ya wuce. Rahotannin da jami'an irin su Black Joke suka riƙa aikawa Landan, musamman na abin da ya faru a kogin Boni a 1831, wanda za a zo kansa, sun ƙarfafa masu neman a gyara wannan doka. A 1835 Sifaniya ta amince a kama jirgi bisa kayan aikin safara kaɗai, a kuma farfasa wanda kotu ta ƙwace maimakon a sayar da shi. Ba jirgi ɗaya ne ya kawo wannan gyara ba, amma yana cikin manyan masu ba da shaida.

Ta biyar ta shafi abin da ya tsiro a Saliyo. Duk wanda aka sauke a Freetown sai an rubuta sunansa, da kimanin shekarunsa, da tsayinsa, da tsagen fuskarsa, a cikin rajista. Waɗannan littattafai suna nan har yau, kuma suna cikin 'yan wuraren da sunayen asali na waɗanda aka sayar suka tsira, domin a wancan gefen teku sunan da ubangida ya raɗa ne ke shiga takarda. An zaunar da mutanen a ƙauyuka irin su Regent, Wellington, Hastings da Waterloo. Wasu sun zama manoma, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai. Daga wajen 1839 wasunsu suka haɗa kuɗi suka sayi jirage suka koma Badagiri da Abekuta. Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda wasu jiragen wannan runduna suka kuɓutar a 1822, daga cikin wannan al'umma ya fito. Harshen Hausa ma yana da rabo a nan: J. F. Schön, ɗan mishan da ya yi aiki a Saliyo, ya wallafa littafin kalmomin Hausa a 1843, Sigismund Koelle kuma ya zauna da 'yantattu masu harsuna fiye da ɗari, har da mutanen Kano da Katsina da Barno, ya tattara kalmominsu a littafinsa na 1854. Wannan fa'ida ce ta bayan fage, ba don ita aka fita sintiri ba, amma ta tabbata.

Akwai kuma ɗan amfanin da ya yi wa jiragen fatauci na halal, masu ɗaukar manja da hauren giwa, domin tekun cike yake da 'yan fashi, kuma sau da yawa mai safarar bayi shi ne ɗan fashin. Wannan amfani ya fi komawa ga fataken Ingila.

Illoli

Ta farko ita ce mutuwar da bin kansa ya jawo. A watan Satumba 1831 Black Joke da Fair Rosamond suka hango jiragen Sifaniyawa biyu, Regulo da Rapido, suna fitowa daga kogin Boni. Da suka ga an biyo su, sai suka juya suka koma cikin kogin. Sanin cewa jirgin da ba a sami bawa a cikinsa ba kotu za ta sake shi, ma'aikatansu suka shiga sauke wasu a kwale-kwale, suna jefa wasu cikin ruwa, biyu-biyu, ƙafafunsu a haɗe da mari. Sojojin da ke biye suna gani da idonsu, ba su isa wurin ba. 'Yan kaɗan aka tsamo da rai. Fiye da mutum ɗari suka nutse, kuma kwanaki bayan haka ana ganin gawawwaki a bakin kogin da sarƙa a jikinsu. Alhakin kisan yana wuyan waɗanda suka jefa su, wannan babu tantama. Amma dokar da ta mai da ɗan Adam shaidar da za a ɓatar, ita ce ta ba su dalilin yin haka, kuma da wannan doka Black Joke yake aiki. Da ba a bi su ba, da waɗannan mutane sun rayu a wannan rana, ko da yake rayuwar bauta ce ke jiransu. Wannan lissafi ne mai ɗaci, kuma bai kamata a yi saurin warware shi ta kowane gefe ba.

Faɗan da aka yi da Marinerito a watan Afrilu 1831, kusa da tsibirin Farnando Po, ya nuna wata fuskar wannan illa. Laftanar William Ramsay ya afka cikin jirgin da 'yan mutane ƙalilan, suka ci nasara da takobi. Amma tun da aka fara bin, ma'aikatan jirgin sun rufe ƙofofin ƙasa a kan mutum 496. Da aka buɗe, an tarar 26 sun riga sun mutu saboda rashin iska da ƙishirwa. An sauke 107 a tsibirin saboda ba za su iya jure tafiya ba, kusan 60 daga cikinsu suka rasu a can. Harsashin igwa kuma ba ya tantance wanda ke sama da wanda ke ƙasa, duk da cewa jami'ai kan yi ƙoƙarin harbin jigo da igiyoyi maimakon jikin jirgi.

Ta biyu, kamu ba shi ne ƙarshen wahala ba. Kotun haɗin gwiwa da ke yanke hukunci tana Freetown, kuma daga gaɓar Ikko ko Boni zuwa can tafiya ce ta makonni, iska da igiyar ruwa duk suna gaba da jirgi. Mutanen suna nan a cikin jirgin da aka cusa su, da ruwan sha da abincin da aka tanada, ga atuni, ga agana, ga ciwon ido mai makantarwa. 'Yan sojojin da aka zuba su kai jirgin ba su da yawa, mafi yawan lokuta ba likita a cikinsu. Idan an isa, wani lokaci sai an jira hukunci kafin a kammala sallamarsu. Saboda haka adadin da ake ambata a ranar kamu kusan kullum ya fi adadin da aka rubuta a rajista. An so a mai da kotun Farnando Po domin rage nisan, har aka kafa sansani a can a 1827, amma zazzaɓi da saɓani da Sifaniya suka hana.

Ta uku, 'yancin da aka ba su ba cikakke ba ne. Ba a mai da kowa garinsu ba, kuma a gaskiya mayarwar na da wuya, domin wanda aka sauke a bakin tekun da aka sayar da shi, sake sayar da shi za a yi. Amma ba a tambaye su abin da suke so ba. An sa samari da yawa aikin soja a rundunonin Birtaniya na Afirka da na tsibiran Karebiyan. An rarraba yara ga mazauna gari da sunan koyon sana'a na shekaru, wanda a gidaje da dama bai bambanta da bauta ba sai a suna, wasu ma an sace su an sake sayarwa. An aurar da mata ba da zaɓinsu ba. Ƙauyukan suna ƙarƙashin kulawar 'yan mishan, don haka sauya suna da addini shi ne hanyar samun makaranta da aiki, Musulmin cikinsu kuma, waɗanda suka taru a unguwannin Fourah Bay da Foulah Town, sun sha matsi kafin su tsaya da ƙafarsu. Daga shekarun 1840 aka fara kwasar 'yantattu zuwa gonakin Karebiyan da sunan ƙwadago na yarjejeniya. Wajibi ne dai a ƙara da cewa wanda ya gama wa'adinsa a Saliyo yana iya mallakar gona da gida, ba a kuma sayar da 'ya'yansa, abin da bawa a Kiyuba ba ya ko mafarki.

Ta huɗu ita ce kuɗin kai. Gwamnati tana biyan lada a kan kowane mutum da aka sauke da rai: fam 10 daga 1824, aka rage zuwa fam 5 a 1830, ban da kason kuɗin gwanjon jirgi. Tun da Black Joke ɗan aike ne, ana lissafa kamunsa a matsayin na babban jirgi, don haka kwamanda da ma'aikatan da ke nesa da wurin suna da rabo, kuma kason jami'i ya ninka na ƙaramin matuƙi sau da yawa. Masu suka tun a wancan zamani sun ce wannan tsari na sa a bar jirgi ya cika da mutane tukuna kafin a tare shi, maimakon a hana lodin. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kafin 1835 doka ma ba ta yarda a taɓa jirgin Sifaniya marar kaya ba, don haka ba za a ɗora wa kwaɗayi kaɗai ba. Ladan yana da wani ɗan amfani kuma, tun da a kan mai rai ake biya, ya zama dalilin kula da marasa lafiya. Abin da ba ya gogewa shi ne, har a hannun masu ceto, ɗan Afirka yana da farashi a takarda.

Ta biyar ta faɗa wa su ma'aikatan. A 1829 zazzaɓin shawara ya ɓarke a rundunar, mutum 204 daga cikin 792 suka mutu a shekarar. Ba a san sauro ne ke kawo shi ba, ana zaton gurɓatacciyar iskar fadama ce. Yawancin waɗanda suka mutu talakawa ne da ba su zaɓi wannan gaɓa ba. Matuƙan Kuru kuwa, waɗanda su ne ke shiga kwale-kwale cikin koguna da raƙuman ruwa inda Bature ba ya jurewa, albashinsu bai kai na takwarorinsu ba, kuma da sunayen barkwanci na Turanci aka rubuta su a littafin jirgi, har ya zama da wuya a san ko su wane ne.

Ta shida ita ce ƙanƙantar abin idan aka gwada shi da girman bala'in. Daga 1808 zuwa 1860 rundunar gaba ɗaya ta kama jirage kusan 1,600, ta 'yanta mutum kusan 150,000. A daidai wannan zamani an tsallaka da kusan miliyan uku. Ke nan a duk mutum ɗaya da aka tare, kusan ashirin sun wuce. Abin kamar kwasar ruwan ambaliya da ƙwarya ne. Akwai ma hujjar cewa sintirin ya ƙara wa waɗanda ba a tare ba azaba, domin masu safara sun koma ƙananan jirage masu gudu, suna cusa mutane fiye da kima, suna lodi cikin dare a gurguje, suna tsare jama'a watanni a rumfunan bakin teku har sai hanya ta yi sarari. Jiragen da kotu ta yi gwanjonsu kuma sau da yawa wakilan masu safarar ne ke saye, su koma bakin aiki da sabon suna. Birazil ba ta rufe ƙofarta ba sai a 1850, Kiyuba kuma sai a shekarun 1860, kuma a duka biyun matakin da hukumomin can suka ɗauka a gida shi ne ya yanke maganar, ko da yake matsin jiragen Birtaniya na cikin abin da ya kai su ga haka.

Ta bakwai ita ce yadda labarin jirgin ke rufe wani labarin. A duk shekarun da Black Joke yake sintiri, akwai bayi kusan 800,000 a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, mafi yawansu a Karebiyan. Sai a 1833, shekara ɗaya bayan ƙone shi, majalisa ta zartar da dokar 'yanta su, aka biya iyayengijinsu diyyar fam miliyan 20, su bayin ba a ba su ko sisi ba, aka kuma tilasta musu ci gaba da aiki har 1838. Kafin 1807 jiragen Birtaniya sun kwashi mutum fiye da miliyan uku. Bayan haramcin ma yadi da bindigogin Ingila sun ci gaba da shiga hannun masu sayen bayi ta hanyar 'yan tsakiya. Wannan bai sa aikin Turner da Downes da Ramsay ya zama na munafunci ba, amma yana hana a ɗauki jarumtarsu a wanke ƙasa guda da ita.

Irin wannan adalci ya wajaba a kanmu ma. Jirgin yana iya tare teku, ba ya iya tare hanyar da ta taso daga cikin ƙasa, kuma waɗanda ke kamawa da sayarwa a wannan hanya 'yan Afirka ne, daga sarakunan gaɓa har zuwa kasuwannin arewa. A 1824 wani matafiyi ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya tattauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a kan hana fitar da bayi zuwa gaɓa, Bello ya nuna amincewa a wasiƙar da ya aika wa Sarkin Ingila. Clapperton ya dawo, ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilu 1827, watanni biyar kafin a kama Henriqueta, maganar kuma ba ta je ko'ina ba. Bauta a cikin gida da safara ta hamada sun ci gaba har ƙarshen ƙarnin. Wanda ya ce duk aikin rundunar yaudara ce, ya kamata ya faɗi wane ne kuma a wancan lokaci yake tare waɗannan jirage.

Ta ƙarshe, kuma wadda ta fi jawo gardama, ita ce hanyar da wannan sintiri ya buɗe. Rundunar da ta saba shiga koguna, ta auna zurfinsu, ta ƙulla yarjejeniya da sarakuna da igwa a bayanta, ita ce ta yi wa Ikko ruwan wuta a watan Disamba 1851, ta tumɓuke Sarki Kosoko ta naɗa Akitoye, da hujjar hana cinikin bayi. A 1861 aka mai da garin mallakar Birtaniya. Da irin wannan hujja Lugard ya kare yaƙin Kano da Sakkwato a 1903. Akwai zare a tsakanin waɗannan abubuwa, kuma wanda ya ƙi ganinsa bai yi wa tarihi adalci ba. Amma zaren yana da tsawo. An ƙone Black Joke shekara 19 kafin harin Ikko, shekara 71 kafin faɗuwar Kano, bai taɓa harbin gari ba, bai kafa tuta a ƙasar kowa ba. Mai karatu shi zai yanke wa kansa iyakar abin da za a ɗora wa jirgin daga wannan, amma ya yanke bayan ya sa mutum 466 na El Almirante da waɗanda suka nutse a kogin Boni duka a kan ma'auni ɗaya.